Yadda Ake Auna Na'urorin Karanta Littattafai Kafin a Zaɓi Ta Saye

Na'urar karatu ta farko da na saya, wata uku kacal ta yi a hannuna na jefa ta durowa. Ba lalacewa ta yi ba, lafiyarta ƙalau. Ni ne na yi cinikin biri a sama. Na ga hotonta, na karanta yabon da ake yi mata, na biya. Sai da ta iso na zuba mata littattafaina, sannan na gane kusan dukkansu fayilolin PDF ne na tsofaffin littattafai da aka ɗauki hoton shafukansu, ita kuwa fuskarta inci 6 ce. Kowane shafi sai na buɗa shi da yatsu biyu, in ja dama, in ja hagu, fuskar ta yi baƙi ta yi fari, kafin in gama sakin layi ɗaya na manta farkonsa. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni wacce ta fi kyau, sai in mayar masa da tambaya: me kake karantawa, kuma daga ina kake samo shi?

Kafin a shiga matakan, ya kamata a san abin da ya bambanta na'urar nan da waya ko kwamfutar hannu. Fuskarta da tawadar lantarki take aiki. A ƙarƙashin gilashin akwai ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe da farare suna iyo cikin wani ruwa, wutar lantarki ce ke ɗago wasu sama ta danne wasu ƙasa, sai rubutu ya fito. Da zarar shafi ya zauna, ba ya cin wuta sai an juya shi. Shi ya sa caji ke kai makonni, shi ya sa ake iya karatu da ita a tsakiyar rana kamar takarda, kuma shi ya sa take da nawa idan aka sa ta aikin waya. Kamfanin E Ink, wanda ya samo asali daga jami'ar MIT ta Amurka a 1997, shi ke ƙera fuskar kusan dukkan na'urorin da ke kasuwa. Sony ne ya fara fitar da irin wannan na'ura a Japan a 2004, Amazon ya biyo baya da Kindle a 2007. Ma'anar wannan ga mai saye ita ce, sau da yawa na'urori biyu na kamfanoni daban fuska iri ɗaya suke ɗauke da ita. Bambancin gaske yana wani wuri.

Mataki na farko: ƙirga littattafanka, ba na'urori ba

Ɗauki takarda ka rubuta littattafai goma na ƙarshe da ka karanta, ko goma da kake da niyyar karantawa nan gaba kaɗan. A gaban kowanne ka rubuta abu biyu: nau'in fayil ɗinsa, da inda ka samo shi. Kada ka rubuta waɗanda kake fatan wata rana za ka karanta, rubuta na gaskiya.

Nau'in fayil shi ne ƙashin bayan zancen. EPUB rubutu ne mai bin fuska: ka ƙara girman haruffa, layuka su sake jeruwa da kansu, shafi ya ƙaru. Irin wannan kowace ƙaramar na'ura tana ɗaukarsa cikin daɗi. PDF kuwa shafi ne daskararre, yadda aka tsara shi haka zai fito, sai dai a ƙanƙanta shi ya shiga fuska. Littafin darasi mai jadawali da zane, maƙalar bincike da aka raba shafinta gida biyu, tsohon littafi da aka ɗauki hotonsa, duk nan suke. Akwai kuma littattafan zane-zane da ke zuwa a CBZ ko CBR, da littattafan saurare.

Idan bakwai cikin goman nan labarai ne ko rubutu zalla a EPUB, kana cikin masu sauƙin lamari. Idan bakwai PDF ne, ka ajiye tunanin ƙaramar na'ura tun yanzu, kada abin da ya same ni ya same ka.

Mataki na biyu: gane gidan da za ka shiga

A nan ne mutane suka fi yin da-na-sani, don haka zan daɗe a kai. Wanda ya sayi na'urar karatu ya ɗaura hulɗa ne da kantin littattafan kamfanin da ya ƙera ta, kuma fita daga wannan hulɗa ba ta da sauƙi. Yawancin littattafan da ake sayarwa a intanet suna zuwa da kulle, wanda ake kira DRM, da ke hana a buɗe su sai a na'ura ko manhajar da aka amince da ita. Littafin da ka saya a kantin Amazon, mai kulle, ba zai buɗu a Kobo ba. Wanda ka saya a wani kanti da kullen kamfanin Adobe, ba zai buɗu a Kindle ba. Bayan shekara biyar kana tara littattafai a gida ɗaya, ƙaura ta zama asara.

Ga yadda manyan gidajen suke. Kindle na Amazon ne, kantinsa babba ne ƙwarai, musamman a littattafan Turanci, kuma nau'in fayilolinsa nasa ne na kansa, AZW3 da KFX. Ba ya karanta EPUB kai tsaye idan ka zuba masa ta kebul, amma tun 2022 ana iya tura EPUB marar kulle ta hanyar Send to Kindle, su juya shi ya iso na'urarka. A watan Fabrairun 2025 kuma Amazon ya cire damar sauke littafin da ka saya zuwa kwamfuta don a zuba shi ta kebul, wanda ya ƙara ɗaure mai saye a cikin gidan. Kobo kamfani ne na Kanada da Rakuten na Japan ya saya a 2012, yana karanta EPUB kai tsaye, yana karɓar kullen Adobe. PocketBook, mai hedikwata a Suwizalan, ya yi suna wajen buɗe fayiloli iri-iri, har da irin su DJVU da FB2 da wasu ba sa kulawa da su. Nook na kantin Barnes & Noble ne, kasuwarsa Amurka. Tolino na ƙasashen da ke jin Jamusanci ne. Sai Boox na kamfanin Onyx na ƙasar Sin, wanda ke aiki da Android, ma'ana kana iya sa masa manhajar Kindle da ta Kobo da wasu duk a na'ura ɗaya. Daɗin wannan a fili yake, amma batirinsa ba ya jimawa kamar na sauran, saitinsa ma yana buƙatar haƙuri, kuma duk abin da ke ɗauke hankali a waya yana iya biyo ka can.

Abin da za ka yi a aikace shi ne ka buɗe kantin kowane kamfani a wayarka, kafin ka sayi komai, ka nemi littattafan nan goma. Duba ko akwai su, duba ko kantin yana sayarwa ga ƙasar da kake zaune, duba ko katin bankinka yana aiki a can. Littafi yakan kasance a kanti amma a hana sayar da shi a wata ƙasa saboda yarjejeniyar mawallafa. Manhajar Kindle da ta Kobo kyauta ne a waya, sauke su ka gwada samfurin littafi ɗaya ko biyu.

Idan kana da katin ɗakin karatu da ke ba da aron littattafai ta OverDrive ko manhajar Libby, wannan ma ya shiga lissafi. Aro zuwa Kindle a Amurka kawai yake aiki. Kobo na da OverDrive a cikinsa, amma a wasu ƙasashe ƙalilan.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: littafi mai kulle izinin karatu ka saya, ba mallaka ba. A 2019 Microsoft ya rufe kantin littattafansa, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa, sai kuɗi aka mayar musu. Ni dai ra'ayina, idan yawancin karatunka fayiloli ne da ka riga ka mallaka, ko littattafan kyauta irin na Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya kafa a 1971 kuma yanzu yake da littattafai sama da 70,000, to na'urar da ke karɓar EPUB kai tsaye ta fi maka kwanciyar hankali. Idan kuwa kai mai danna saye ne ka fara karatu nan take, ba ruwanka da kebul da kwamfuta, Kindle ba zai ba ka wahala ba.

Mataki na uku: girman fuska da kaifin rubutu

Yanzu da ka rage gidajen zuwa ɗaya ko biyu, sai a zo kan jikin na'urar. Ana auna fuska daga kusurwa zuwa kusurwa. Inci 6 tana shiga aljihun riga babba, hannu ɗaya ke riƙe ta, nauyinta bai kai gram 200 ba. Inci 7 ita ce tsaka-tsaki, kuma ga mai karanta labarai ina ganin ita ce ta fi dacewa, don layi yana ɗaukar kalmomi da ɗan yawa, ba a yawan juya shafi. Inci 8 ta fara yi wa littattafan zane daɗi. Daga inci 10 zuwa sama, irin Kindle Scribe mai 10.2 ko Kobo Elipsa mai 10.3, nan ne PDF ke fara karantuwa ba tare da jan shafi ba, sai dai nauyin ya kusa gram 400 ko ya wuce, ba abin riƙewa a kwance ba ne na tsawon awa. Mai inci 13.3 ita ce ta kusa girman takardar A4.

Akwai gwaji mai sauƙi da nake ba kowa shawara. Samo kwali, ka duba tsawo da faɗin fuskar na'urar a shafin kamfanin, ka yanka kwalin daidai wannan awo. Buɗe ɗaya daga cikin fayilolinka na PDF a kwamfuta, ka rage shafin har ya yi daidai da kwalin idan ka ɗora shi a kan allo. Ka iya karanta ƙananan bayanan ƙasan shafi ba tare da ka matso da ido ba? In ba ka iya ba, na'urar ta yi maka kaɗan. Gani ya kori ji.

Kaifin rubutu ana auna shi da yawan ɗigo a inci ɗaya, za ka ga an rubuta ppi. Mai 300 rubutunta kamar na littafin da aka buga da kyau. Mai 212 ko 227 ba laifi. Mai 167, wadda ake samu a tsofaffin na'urori, idan ka ƙanƙanta haruffa za ka ga gefensu na da ɗan kaushi. Ga rubutu mai wasula da ɗige-ɗige a sama da ƙasa, irin na Larabci, wannan bambancin yana fitowa sosai.

Tunda an zo kan haruffa, ga wani gwaji da mai karatu da Hausa bai kamata ya tsallake ba. Ba kowane salon haruffa da ke cikin na'ura ne ya san ƙ da ɗ da ɓ ba. Wani zai nuna ɗan akwati a gurbinsu, wani ya aro harafin daga wani salo, sai ka ga kalma ɗaya da harafi guda ya fi 'yan'uwansa kauri kamar baƙo a cikin dangi. Kindle da Kobo duka suna barin mutum ya zuba nasa salon haruffa ta kebul, amma ka tabbatar samfurin da kake so yana yin haka. Mai karanta Larabci kuma ya gwada ko shafi na juyawa daga dama zuwa hagu yadda ya kamata.

Mataki na huɗu: haske, da maganar launi

Kusan duk na'urorin yanzu suna da fitila. Ba daga baya take haskowa cikin ido ba kamar waya, ƙananan fitilu ne a gefe suke watsa haske a kan shafin. Abin da za ka duba shi ne ko ana iya mayar da hasken ruwan ɗorawa da dare. Mafi arha a kowane kamfani sau da yawa farin haske kawai gare ta. Idan karatunka na kafin barci ne, wannan kaɗai ya isa ya sa ka hau mataki ɗaya sama.

Launi kuwa, a yi hattara da kyan ɗan maciji. A 2024 Kobo ya fitar da Clara Colour da Libra Colour, Amazon ya fitar da Kindle Colorsoft. Fasahar da suke amfani da ita, Kaleido, wani siririn mayafi ne mai launi da aka shimfiɗa a kan fuskar baƙi da fari. Tana nuna launuka 4,096, amma a dushe suke kamar na tsohuwar jarida, kaifin hoto mai launi kuma 150 ne, rabin na baƙin rubutu. Mayafin yana sa shafin ya ɗan yi duhu, dole a riƙa ƙara fitila ko da rana. Mai littattafan zane, ko mai son ja wa layi alama da launi daban-daban, zai ji daɗinta. Mai karanta rubutu zalla ya biya ƙari ne don ya sami shafi mafi duhu.

Mataki na biyar: ƙananan abubuwan da hannu ke ji kullum

Madannan juya shafi. Wasu ba su damu da su ba, ni kuwa ba na sake sayen wadda ba ta da su. Babban yatsa na zaune a kan madanni, ka latsa, shafi ya juya, ba sai ka ɗaga hannu ka taɓa gilashi ba. Kobo Libra da PocketBook Era suna da su.

Kariyar ruwa: alamar IPX8 a waɗannan na'urori tana nufin sun jure nutsewa cikin ruwa mai daɗi har zurfin mita 2 na tsawon awa ɗaya. Bakin caji: nemi USB-C, don kada ka riƙa yawo da kebul na daban. Wurin ajiya: littafin rubutu zalla megabait ɗaya ne zuwa 'yan kaɗan, don haka gigabait 8 ma na ɗaukar dubbai, 16 ta wadatar. Sai mai littattafan saurare ko na zane ko manyan PDF ne zai buƙaci 32, ko na'ura mai ramin memori, wanda yanzu sai a wasu samfuran PocketBook da Boox ake samu.

Batir kuma, kada ka ɗauki alƙawarin kwali yadda yake. Idan aka ce makonni kaza, lissafin na wanda ke karatun rabin awa ne a rana, Wi-Fi a kashe, fitila a ƙasa. Idan kai mai awa biyu ne a rana, raba da huɗu. Ko a hakan ya fi waya nesa ba kusa ba.

Alƙalami na masu rubutu a gefen shafi ne. Tambayi kanka tsakani da Allah ko kana rubutu a littattafan takarda da ka mallaka. In ba ka yi a can, ba za ka fara a nan ba.

Mataki na shida: jera biyu ko uku a takarda ɗaya

Zuwa yanzu bai kamata ya rage maka fiye da uku ba. Ja layi a takarda, kowace na'ura da gurbinta, ka rubuta abubuwan da ba za ka iya haƙura da rashinsu ba kawai, kada su wuce huɗu. Duk wadda ta faɗi a ɗaya daga cikinsu, soke ta, komai kyanta. Sannan ka haɗa kuɗin gaba ɗaya, ba na na'urar kaɗai ba: rigar kare na'urar, alƙalami idan daban ake sayar da shi, da kuɗin cire talla, don wasu samfuran Kindle suna zuwa da talla a fuskar kulle sai an biya ƙari a cire. Riga ba ado ba ce. A ƙarƙashin fuskar akwai siririn gilashi da ke tsagewa idan aka danne na'urar a jaka, waje ya nuna lafiya lau, ciki kuwa rabin shafi ya daskare da zane-zane, gyaransa kuma sau da yawa bai fi sayen sabuwa sauƙi ba.

Wajen karanta ra'ayoyin masu amfani, tsallake na waɗanda suka buɗe kwali jiya. Nemi na wanda ya yi wata shida da ita. Kuma ka lura da shekarar samfuri, don suna ɗaya yakan rufe na'urori daban: Kindle Paperwhite ta 2018 inci 6 ce, ta 2021 inci 6.8, ta 2024 inci 7. Mai sayarwa zai rubuta suna kawai, kai ne za ka tambayi shekara.

Mataki na bakwai: riƙe ta a hannu

In da hali, kada ka biya sai ka taɓa. Riƙe ta da hannu ɗaya na minti biyar yadda kake riƙe littafi. Juya shafi goma a jere ka ga saurinta. Kashe fitila ka dubi farin shafin, sannan ka ƙure fitilar a wuri mai duhu ka duba gefuna, ko akwai inuwa ko wani ɓangare da ya fi wani rawaya. Buɗe shafi mai hoto, ka juya zuwa na rubutu, ka duba ko inuwar hoton ta rage a baya. Kaɗan daga wannan al'adar tawadar ce, kuma walƙiyar baƙi da fuskar ke yi lokaci-lokaci share inuwar take yi, ba matsala ba ce. Idan ta intanet za ka saya, karanta sharaɗin mayarwa tukuna, kuma ka yi duk gwajin nan a kwanakin farko, da fayilolinka na gaske.

Mai sayen ta hannu yana da ƙarin aiki. Sa mai ita ya cire asusunsa a gabanka, kai kuma ka shiga da naka nan take ka ga ta karɓa, don na'urar da aka ba da rahoton ɓatanta kamfani na iya toshe ta, ba za ta ƙara yin rajista ba. Buɗe farin shafi ka nemi ɗigo ko layin da ba ya motsi. Duba ko kamfanin na ci gaba da sabunta manhajar wannan samfuri. Jona kebul a kwamfuta ka ga ko ta bayyana, don wani bakin cajin yana caji amma ba ya wuce da fayil. Idan da dama, bar ta kwana ɗaya da cikakken caji, Wi-Fi a kashe, ka duba da safe. Lafiyayyen batir da ƙyar zai motsa.

Ranar da ta zama taka, sa Calibre a kwamfutarka. Manhaja ce ta kyauta da Kovid Goyal ya fara a 2006, tana tsara littattafai, tana juya fayil marar kulle daga wani nau'i zuwa wani, tana zuba su a kusan kowace na'ura. Ajiye kwafin duk littafin da ka mallaka a can, ka fara da goman nan da ka rubuta a takarda tun mataki na farko.